Cunkoso da Yaɗuwar Cuta a Ɗakin Jinyar Jarirai Sabbin Haihuwa

Ɗakin jinyar jarirai sabbin haihuwa shi ne sashen asibiti da ake kwantar da jinjirin da nono da ɗumin uwa kaɗai ba za su wadace shi ba a kwanaki 28 na farkon rayuwarsa, ko dai don ya zo bakwaini, wato an haife shi kafin ciki ya cika mako 37, ko don ya sha wahala wajen fitowa har numfashinsa ya sarƙe, ko kuma don shawara ko wata cuta ta kama shi tun kafin ranar suna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi bakwaini kimanin miliyan 13.4 a faɗin duniya, wato kusan ɗaya cikin kowane jarirai goma, kuma a shekarar 2022 jarirai kimanin miliyan 2.3 ne suka rasu kafin su cika wata guda, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya. An daɗe ana wayar wa mata kai su riƙa haihuwa a asibiti, kuma sun amsa kiran, sai dai yawan jariran da ake kaiwa ɗakunan jinya ya haura da sauri fiye da yadda aka ƙara gadaje da na'urori da ma'aikatan jinya. Abin da ya biyo baya shi ne cunkoso, kuma illarsa a irin wannan ɗaki ta sha bamban da illarsa a ɗakin manya, domin yana share wa ƙwayar cuta hanya daga jikin wani jariri zuwa na wani a daidai lokacin da babu ɗaya daga cikinsu da ke da ƙarfin tunkararta.

Fahimtar hakan tana buƙatar a fara sanin irin raunin da ke tattare da bakwaini. Fata ita ce katangar farko da ke tsare jikin mutum, amma saman fatar ɗan tayi ba ya gama ƙwari sai wajen mako na 34, shi ya sa fatar wanda aka haifa a mako na 28 ba ta da kauri har ana hango jijiyoyin jini ta cikinta, kuma filastar da aka ɓanɓare da gaggawa kan tafi da wani sashe nata. Sinadaran kariya da uwa ke miƙa wa ɗanta ta mabiyiya, waɗanda su ne garkuwarsa kafin jikinsa ya fara haɗa nasa, mafi yawansu a watanni uku na ƙarshen ciki suke ƙetarawa, don haka wanda ya riga lokacinsa fitowa ya taho ne ba tare da cikakken guzurinsa ba. A kan wannan rauni kuma sai jinyar kanta ta ƙara nata, domin ana huda jijiya a sa allurar ƙarin ruwa, ana zura siririn bututu ta cibiya zuwa babbar jijiya, ana saka wani ta hanci ko baki zuwa ciki don ba da nono, wani kuma ana haɗa shi da na'urar taimakon numfashi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce da aka buɗe a jikin katangar, kuma ba a samun damar rufe ta sai jinjirin ya murmure.

Likitocin jarirai sun raba gurɓatar jini, wato shigar ƙwayoyin cuta cikin jini har su rikita aikin gaɓoɓi, zuwa gida biyu. Wadda ta bayyana a sa'o'i 72 na farko yawanci daga jikin uwa aka ɗauko ta lokacin naƙuda. Wadda ta bayyana bayan haka a jikin jinjirin da ke kwance a asibiti, akasari a ɗakin aka same ta, kuma ita ce cunkoso ke rurutawa. Sunayen ƙwayoyin da ke jawo ta sun zama sanannu a ɗakunan gwaje-gwaje, musamman Klebsiella pneumoniae, wadda ke zaune a hanji ba tare da ta cutar da mai ɗauke da ita ba, take kuma iya daɗewa a wuri mai danshi kamar magudanar wurin wanke hannu da bututun na'urar tsotse majina, sai Staphylococcus aureus da ke zama a hanci da fata, da Acinetobacter da ke jure wa busasshen wuri na tsawon makonni. Alamun cutar a jikin bakwaini ba su da hayaniya, domin sau da yawa ba ya yin zazzaɓi, sai dai jikinsa ya yi sanyi, ya daina karɓar nono, cikinsa ya kumbura, numfashinsa ya riƙa ɗaukewa na 'yan daƙiƙu, kuma idon da ya saba da shi ne kaɗai zai gane cewa na yau ba kamar na jiya ba ne. Wani nazari da Anita Zaidi da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Lancet a 2005 ya nuna cewa yawan kamuwa da cuta a tsakanin jariran da aka haifa a asibitocin ƙasashe masu tasowa ya ninka na ƙasashe masu arziki sau 3 zuwa sau 20.

Asibitin Tembisa da ke lardin Gauteng na Afirka ta Kudu ya ba da misali ƙarara. A watan Janairu na 2020 hukumar lafiyar lardin ta bayyana cewa tsakanin farkon Nuwamba da ƙarshen Disamba na 2019 jarirai 17 sun kamu da wata ƙwaya mai bijire wa manyan magunguna, wadda aka yi zaton Klebsiella pneumoniae ce, kuma 10 daga cikinsu sun rasu. A cikin wannan sanarwa hukumar ta amsa cewa ɗakin mai gado 44 yakan ɗauki jarirai kusan 90. Shekara guda kafin haka, a 2018, jarirai shida sun rasu sakamakon ƙwayar Klebsiella a asibitin Thelle Mogoerane da ke cikin wannan lardi, kuma a nan ma an ambaci cunkoso a cikin dalilan. Wannan yana faruwa ne a lardi mafi arziki na ƙasar da ke cikin mafi ƙarfin tattalin arziki a nahiyar, inda akwai ɗakunan gwaje-gwajen da za su gano ƙwayar su kira ta da sunanta. A wuraren da ba a iya gwajin jini, irin wannan ɓarkewa kan zo ta wuce ba a ƙirga ta ba, a rubuta cewa bakwaintaka ce ta yi ajalin jinjirin, iyaye su karɓi gawa su yi haƙuri.

Idan aka ce jarirai 90 a wurin 44, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne ƙarancin fili, kuma lallai akwai shi: jarirai biyu ko uku a cikin kwalba ɗaya, wato akwatin nan mai bangon roba da ake hango ciki, wanda ke riƙe wa bakwaini ɗumi da danshi, ko huɗu a jere a ƙarƙashin na'urar ɗumama guda, ƙafar wannan tana shafar bututun wancan. Amma abin da cunkoso ya fi cinyewa shi ne lokacin ma'aikaciyar jinya. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin jarirai ta Birtaniya ta shimfiɗa ita ce nas ɗaya ga jariri ɗaya idan yana cikin matsanancin hali, ɗaya ga biyu a matsakaicin hali, ɗaya ga huɗu ga waɗanda suka fara samun sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙayyade cewa wanke hannu da ruwa da sabulu yadda ya kamata yana ɗaukar daƙiƙa 40 zuwa 60, shafa ruwan tsaftace hannu mai sinadarin alkohol kuma daƙiƙa 20 zuwa 30, kuma ana buƙatar yin hakan kafin a taɓa majinyaci, da kafin aiki mai buƙatar tsafta kamar yin allura, da bayan taɓa jini ko kashi, da bayan an taɓa majinyacin, da bayan an taɓa kayan da ke kewaye da shi. A ƙaddara nas guda tana riƙe da jarirai goma, kowannensu yana buƙatar ta tsaftace hannu sau shida a cikin sa'a guda. Sau sittin ke nan, wanda da ruwa da sabulu zai cinye kusan dukan sa'ar, da alkohol kuma kusan rabinta, alhali ba ta auna nono ba, ba ta canza ƙunzugu ba, ba ta rubuta komai a takarda ba. A lokacin da na'ura ta fara ƙara a ƙarshen ɗaki don wani ya daina numfashi, hannun da ya gama share kashin wani shi ne zai ruga ya ɗauki robar hura iska, kuma babu mai hankalin da zai ce ta tsaya a famfo tukuna.

An daɗe da auna wannan alaƙa da alƙaluma. A 1982 Robert Haley da abokin aikinsa Bregman sun wallafa binciken da suka yi a kan ɓarkewar Staphylococcus da ke ta maimaituwa a ɗakin jarirai na wani asibiti a Amurka, inda suka gano cewa kamuwa da cutar ta ninka sau 16 bayan lokutan da nas ɗaya ta riƙe fiye da jarirai bakwai, ta kuma ninka sau 7 bayan lokutan da yawan jariran ɗakin ya haura 33. Abin lura a nan shi ne ƙarancin hannu ya fi yawan kawuna tasiri. Misali na biyu daga Janeba ne, a ƙasar Suwizalan, inda babu wanda zai kawo uzurin talauci ko rashin ruwan famfo. Tsakanin Disamba 1996 da Janairu 1997 jarirai takwas sun kamu da ƙwayar Enterobacter cloacae a asibitin jami'ar birnin, kuma Stephan Harbarth da abokan aikinsa sun gano cewa a daidai wannan lokaci ɗakin da aka tsara wa jarirai 15 yana ɗauke da 25, ma'aikata kuma 20 ne a madadin 35 da ake buƙata. Tsaftace hannu ya faɗi ƙasa warwas a kwanakin da aiki ya yi yawa, ya kuma farfaɗo bayan an rage cunkoson. Ma'aikatan nan su ne dai na jiya da shekaranjiya, iliminsu bai ragu ba, abin da ya canza shi ne yawan jariran da ke gabansu.

Hanya ta biyu da ƙwayar ke bi, bayan hannun ma'aikata, ita ce kayan tarayya, kuma ta fi ta farko saurin kisa domin kai tsaye take shiga jini. Masana'antu suna haɗa ledar ƙarin ruwa da kwalbar allura ne da ma'aunin manya, alhali bakwaini mai nauyin kilo ɗaya 'yan mililita kaɗan yake buƙata. Saboda tsimi, sai a rataye leda ɗaya mai rabin lita a riƙa ɗiba da sirinji ana raba wa jarirai da yawa tun safe har dare, kuma kowace huda dama ce ga ƙwayar da ke kan yatsa ta faɗa cikin ruwa mai sukari, inda za ta hayayyafa cikin ɗumin ɗakin. A 2005 jarirai 22 sun rasu a asibitin Mahatma Gandhi da ke Durban sakamakon Klebsiella, kuma binciken da aka yi ya danganta lamarin da kwalaben ruwan jijiya da ake ɗiba sau da yawa tare da ƙarancin wanke hannu. A asibitin koyarwa na Edward Francis Small da ke Banjul a Gambiya, Uduak Okomo da abokan aikinta sun bi diddigin ɓarkewa biyu a 2016, inda jarirai 49 suka kamu da Burkholderia cepacia, 45 kuma da Klebsiella mai bijire wa magani, kuma ta hanyar karanta ƙwayoyin halittar bakteriyar suka tabbatar da cewa irin waɗanda ke jinin jariran su ne ke cikin ruwan jijiya da magungunan allura da aka riga aka buɗe. Ko a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, jarirai huɗu sun rasu cikin ƙasa da sa'a ɗaya da rabi a daren 16 ga Disamba 2017 a asibitin Mokdong na jami'ar Ewha, hukumomi suka danganta hakan da ƙwayar Citrobacter freundii a cikin ruwan abinci na jijiya da aka raba daga kwalba ɗaya, ko da yake daga baya kotu ta wanke ma'aikatan da aka gurfanar.

Akwai kuma ayyukan da ba sa yiwuwa sai da gurbi. Ƙa'ida ita ce idan jariri ya fita daga kwalba a kwance sassanta, a wanke, a bar su su bushe kafin a sa wani, amma inda wani jinjirin ke jira a hannun kakarsa a bakin ƙofa, goge katifar kawai ake yi a shimfiɗa sabon zane. Haka nan matakin farko na daƙile ɓarkewa shi ne a ware waɗanda suka kamu a wuri guda, a ba su nas tasu da kayan aikinsu, wanda ba ya samuwa a ɗakin da babu kusurwar da ta rage kuma nas biyu ne ke aikin dare.

Magani ma ya daina zama abin dogaro. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ba da shawarar a fara da shi idan ana zargin gurɓatar jini ga jinjiri shi ne haɗin ampisilin da jentamaisin. Wani babban bincike mai suna BARNARDS, wanda aka gudanar daga 2015 zuwa 2017 a ƙasashe bakwai na Afirka da Asiya, ciki har da asibitin ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano da wasu asibitoci biyu a Abuja, ya bi jarirai fiye da 36,000, ya kuma gano cewa a cikin rukunin bakteriya da Klebsiella ke ciki, kusan kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka gwada ba sa jin ampisilin, kimanin kashi 70 kuma ba sa jin jentamaisin. Ɗakin da ya cika maƙil, inda kusan kowane jariri ke kan maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda tsoron abin da ba a iya gwadawa, gona ce mai kyau ga irin waɗannan ƙwayoyi, domin maganin yana share masu rauni ya bar wa masu taurin kai fili. Daga nan sai a koma ga magunguna irin su meropenem, waɗanda a wurare da yawa uba ne zai fita ya sayo da kuɗinsa, kuma ƙwayar da ta yi ɓarna a Tembisa ta riga ta bijire wa wannan rukuni ma.

Duk da haka, cewa a rufe ƙofa idan gadaje sun cika ya fi sauƙi a takarda. A Birtaniya ana iya ɗaukar bakwaini a motar asibiti mai kwalba a kai shi wani gari, amma inda asibitin koyarwa ɗaya ke ɗauke da jiha guda ko fiye, jinjirin da aka mayar daga bakin ƙofa a cikin zane ko tawul, a bayan babur ko a Keke Napep, sanyi kan kashe shi kafin a kai ko'ina. Likitan da ya karɓe shi ya sa shi na uku a kwalba ya san yana ƙara wa biyun farko haɗari, wanda ya ƙi karɓa kuma ya san abin da ke jiransa a hanya. Saboda haka al'adar nan ta hukumomi, ta kafa kwamiti bayan kowace ɓarkewa, a ɗora laifi a kan nas da ba ta wanke hannu ba, a yi taron bita a manna hotunan tafin hannu a bango, ba ta cika taɓa tushen matsalar ba, tun da wanda ya ƙayyade yawan ma'aikata da gadaje ba ya cikin ɗakin a daren da abin ya faru.

Mafita mafi ƙarfin hujja da aka samu kawo yanzu daga cikin cunkoson kansa ta fito. A 1978, a asibitin mata da yara na birnin Bogota a Kolombiya, inda ake haɗa bakwaini da yawa a kwalba ɗaya kuma cuta ke ɗibarsu, likita Edgar Rey ya fara ɗora jinjiri tsirara, daga shi sai ƙunzugu da hula, a tsakanin nonuwan uwarsa, fata da fata, a ɗaure shi da zane dare da rana, a shayar da shi nono zalla, a kuma sallame su da wuri. An laƙaba wa tsarin sunan kangaru, dabbar Ostireliya da ke renon ɗanta a jakar cikinta. Ga matar da ta saba da goyo abin ba baƙo ba ne, bambancin kawai shi ne a ƙirji ake yinsa ba a baya ba, kuma babu riga tsakanin fatar uwa da ta ɗa. Shekaru da yawa ana jinkirta shi sai jinjiri ya daidaita, har sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranci gwaji a asibitoci biyar na Ghana da Indiya da Malawi da Najeriya da Tanzaniya, ciki har da Komfo Anokye na Kumasi da asibitin koyarwa na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, a kan jarirai 3,211 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa a cikin waɗanda aka fara wa goyon ƙirji nan take kashi 12 cikin ɗari ne suka rasu a kwanaki 28 na farko, idan aka kwatanta da kashi 15.7 na waɗanda aka fara sawa a kwalba, kuma zargin gurɓatar jini ya ragu da kusan kashi 18. An dakatar da gwajin kafin wa'adinsa saboda amfanin ya riga ya bayyana, kuma a Nuwamba 2022 Hukumar ta mayar da shi shawararta ga duniya baki ɗaya.

Dalilan raguwar cutar a fili suke: hannuwan da ke taɓa jinjirin sun ragu, ƙwayoyin da suka fara zama a fatarsa da hanjinsa na uwarsa ne ba na asibiti ba, nonon farko mai ɗauke da sinadaran kariya yana isa gare shi da wuri, kuma akwai idon da ba ya ɗaukewa daga kansa. Sai dai tsarin ba kyauta ba ne, kuma bai shafi wanda ke buƙatar na'ura ta yi masa numfashi gaba ɗaya ba. A asibitocin da aka yi gwajin sai da aka sake fasalin ɗakunan domin uwa ta kwana tare da ɗanta, aka tanadar mata gado da abinci da banɗaki da wurin wanka, aka samar da masu duba lafiyarta ita ma tun da jego take, aka kuma ba wata 'yar uwa damar karɓar goyon idan uwar ta yi tiyata ko tana buƙatar hutu. Ɗakin da zai ɗauki uwa da ɗa yana buƙatar fili fiye da wanda ke ɗaukar kwalabe kawai, kuma idan aka tara mata talatin a wurin da famfo ɗaya ne ke aiki, hannuwansu ma za su ɗauki abin da hannun nas ke ɗauka.